Ƙidayar Yaran Zango

Ni mutum ne mai riƙo, ban taɓa ɓoye wannan ba. Akwai wani babban akawu a ofishin da ke kula da makarantun Kumasi, wanda ƙasa ta daɗe da rufe idonsa, amma har yau in na tuna yadda yake lasar yatsa kafin ya juya takarda sai in ji raina ya ɓaci. Malamai sun ce a yafe wa mamaci. Na gwada, abin bai yiwu ba tukuna.

A shekarun da Turawa ke ɗaure kayansu, ina sana'ar rubuta wa mutane wasiƙa a Adum, unguwar kantuna ta tsakiyar gari, a ƙarƙashin barandar wani kanti. Jarina tebur ne da tsohuwar tafireta da ɗan bokon da na yi. A zango, unguwarmu ta Hausawa da sauran mutanen arewa, krakye suke ce mini, wato akawu, rabi girmamawa rabi ba'a. A wannan lokaci ne aka ce firamare ta zama kyauta, aka kafa mana makaranta a bakin zango. In na ce makaranta kada ka hango gini. Rumfar kwano ce mai aji uku da malamai biyu, hedimasta yana koyar da aji biyu a lokaci guda, yana kai-kawo tsakaninsu da alli a hannu. Kowace safiya sai ka ga yara sun jero da kujeru 'yan tsuguno a ka, waɗanda suka ɗauko daga madafin iyayensu mata, wanda bai samu ba ya zauna a ƙasa. In ruwan Kumasi ya sauko, kuma ba ya sauka da wasa, ƙarar kwano kaɗai ta isa ta tashi karatu.

Can sama, ta wajen Manhyia, akwai wata makarantar ta bulo da siminti, da benci reras da kabad na littattafai. Hukuma ɗaya ce ke riƙe da su da mu. Mun kai yaranmu can, aka ce ta cika. Makarantun da ke da gurbi na mishan ne.

Babbar 'yata tana aji uku, kuma ita ke zuwa ta ɗaya. Tun da aka yaye ta take ɗakin mahaifiyata, a gidan da muke zaune gaba ɗaya. Mahaifina falken goro ne, mutum mai magana ɗaya. Da ƙyar ya yarda ta shiga boko, shi ma don daga ƙofar gida yana hango rufin rumfar, kuma da la'asar tana zuwa allo. Ya rantse jikarsa ba za ta taka inda ake waƙar coci da safe ba. To rumfarmu ba ta da aji huɗu. In ba a buɗe shi ba kafin sabuwar shekarar karatu, karatunta ya ƙare ke nan, ita da duk 'yan ajinsu.

Na rubuta wa mutane takardun koke da yawa, na kuma san koken da ba hujja kuka ne kawai. Sai na ce bari in je ofis in nemi abin da kowa ya kamata ya iya gani: kowace makaranta yara nawa gare ta, malamai nawa, benci nawa, littattafai nawa aka ba ta. In na jera namu kusa da na sama, ko makaho ya shafa ya ji bambanci. A ganina aikin wuni ɗaya ne.

Ranar farko babban akawun ya bar ni tsaye har ya gama cin gasasshiyar ayaba da gyaɗa, ya goge hannu, sannan ya tambaye ni wa ya aiko ni. Na ce ba kowa, uba ne ni. Ya ce wace jam'iyya. Na ce ba ni da ita. Ya ce to in rubuto a takarda. Na rubuto, ya ce ba a buga hatimin mai unguwa ba. Na kawo da hatimi, ya ce lissafin benci ba a nan yake ba, yana wajen masu aikin gini. Na je wajen masu aikin gini, suka ce su sun san katako nawa suka yanka, ba su san inda aka kai ba. Littattafai kuma suna wajen mai sito, mai sito ya tafi makoki ƙauyensu, kuma makokin mutanen nan ba ya ƙarewa da wuri. Jerin malamai sirri ne, wai akwai albashi a ciki, kamar na ce zan ci albashin. Haka na yi ta je-ka-ka-dawo har mako bakwai, teburina a Adum yana zaune ba kowa, masu wasiƙa suna komawa wajen maƙwabcina wanda ko sunan garinsu bai iya rubutawa daidai ba.

Ba a taɓa ce mini a'a ba, wannan shi ne abin haushin. Da ya ce ba za a ba ni ba, da na san da wa nake faɗa. Kullum sai dai gobe, da murmushin nan nasa na gefen baki.

Da ya ga ba ni da niyyar gajiya, ya sa aka fito da littafin, wani ƙato mai baƙin bango da gara ta ci gefensa. Ya kafa sharaɗi: a tsaye zan duba, ba fensir, ba takarda. Ya ɗauka ya gama da ni. Bai san wanda ya yi hadda a gaban malamin allo mai bulala ba ya buƙatar fensir ba. Sai in karanta layi uku, in ce zan zaga, in fita bayan ofis in rubuta, in dawo. Na zaga sau tara a wuni ɗaya, har ya tambaye ni ko cikina lafiya.

Amma littafin kansa wani shashanci ne. Ba a rubuta sunan makaranta ko ɗaya ba, sai lamba. Yawan yara na bara ne, na benci na shekara uku da suka wuce, shafin littattafai kuma wani wuri an ƙirga da ɗai-ɗai, wani wuri da akwati, ba a faɗi nawa ne a akwatin ba. Na kwashi lambobin na kai wa hedimastanmu, wani bawan Allah mutumin bakin teku da gajiya ta gama da shi. Ya nuna mini lambar makarantar sama. Na ce ina tamu. Ya ce ba mu da lamba. A takarda rumfarmu reshe ce ta makarantar sama. Shi yana aika lissafinsa can, su haɗa da nasu, su kai ofis a layi ɗaya. Ke nan a idon hukuma yaranmu suna zaune kan bencin da ba su taɓa gani ba, suna karanta littattafan da ke kulle a kabad ɗin wasu. In ka raba kayan da yawan yara, kowa ya samu daidai gwargwado, ba wanda aka zalunta. Kuma a layin nan akwai aji huɗu, har biyu, don haka ba wanda zai ga dalilin buɗe wani.

Washegari na koma. Da Turanci na yi masa magana, shi kuma da gangan ya amsa mini da Hausar kasuwa, don mutanen ofis su san matsayina.

"Zango ba ya da layi koraa. Ku ntafo, yau kuna nan, gobe kun naɗe tabarma kun tafi. Wa zai ɓata tawada?"

Koraa a harshensu sam-sam ke nan. Ntafo kuwa ita ce kalmar da suke jifan duk wanda suka ga ya yi kama da mutumin arewa. Na gaya masa a zangon nan aka binne cibiyata, a nan aka binne ta ubana, kuma goron da kakana ya yi fatauci ya gina rabin shagunan da yake wucewa da safe. Da na tsaya nan da na yi kyau. Sai na ƙara da cewa shi da littafinsa gara ɗaya ce ke cinsu. Aka fitar da ni, aka ce kada in sake taka ofishin.

Ana nan sai sufeton makarantu ya kawo ziyara rumfarmu. Na tare shi a bakin hanya. Mutum ne mai ladabi da sanyin magana, irin wanda zai saurare ka har ka gama ba ka san ko ya ji ba. Ya ce shi ba ya aiki da ɓacin rai, da takarda yake aiki. In na kawo masa sunayen yaran zango gida-gida, da shekarunsu, kafin a ba da hutu, zai gwada da rajistar makaranta. In ya ga akwai yaran da za su cika aji huɗu, zai rubuta a ware mana layinmu, a ba mu malami. Na yi masa godiya har da rusunawa, ina ganin na kama bakin zaren.

Sai na juyo kan mutanena, ashe nan ne aikin yake. Lokacin siyasa ta yi zafi, ana ta raɗe-raɗin za a kori baƙi, ga ni kuma da littafi da biro ina tambayar yara nawa. Wani ya ce haraji ne. Wani ya ce soja za a kwashe su in sun girma, kamar yadda aka kwashi yayyensu lokacin yaƙi. Wani malami ya aiko mini cewa mai ƙirga 'ya'ya yana yi wa mutuwa nuni ne. A Moshi Zango wasu samari suka bi ni suna cewa na sayar da unguwa, wata mata kuma ta watso ruwan wanke-wanke daidai ƙafata, ta ce ba ta gan ni ba. Don 'ya'yansu nake yawo a rana, su kuma suna kallona kamar ɓarawon akuya. Na tsani akawu, amma a makonnin nan ban san wa na fi jin haushi ba.

Gwaggona ce ta cece ni, ƙanwar mahaifina. Koko da ƙosai take sayarwa, ba gidan da ba ta san ƙofar bayansa ba. Muka yi tsari: ita ta shiga wajen mata, ta tambayi kowace uwa yaranta, ta fito ta gaya mini a ƙofa, in rubuta. Abin ya tafi da sauri, na ji daɗi. Sau ɗaya ta tsaya ta ce mini, "Ɗan nan, uwa fa ba ta faɗin duka. Bari mu leƙa ɗakunan tsofaffi." Na ɗauka masu ɓoyewa don tsoro take nufi, kuma na san in ta shiga ɗakin tsohuwa sai an yi gaisuwar jikoki da tattaɓa-kunne, rana ta faɗi. Na ce mata ba tsofaffi nake ƙirgawa ba, abin da muka samu ya isa. Ta dube ni, ta ce to krakye, ta wuce gaba.

Na buga sunayen a tafireta, shafi-shafi, tsaf, ba gogewa ko ɗaya. Ban taɓa yin aikin da na yi alfahari da shi kamar wannan ba.

Ranar da sufeto ya kira zama a ofishin muka tafi da ayari: mahaifina da dattawa biyu cikin manyan riguna, da hedimasta rungume da rajista. Mahaifina ba don yana son boko ya zo ba, ya zo ne don an ce an kira mu baƙi. Sufeto ya zauna a tsakiya. Wanda aka ba aikin gwada takardun biyu kuwa, akawun nan ne. Ya dube ni, ya lashi yatsa.

Aji ɗaya ya tafi lafiya, kusan kowane suna na rajista yana takardata. Aji biyu aka sami gibi kaɗan. Da aka zo aji uku, ya karanta suna na farko, ya bi takardata da yatsa har ƙasa, ya ce babu. Na biyu, babu. Na uku akwai. Na huɗu babu, na biyar babu. Yaran nan na san su, na san iyayensu, da idona na ga wasunsu suna wasa a ƙofar gida ranar da muka je. A suna na shida ne abin ya faɗo mini.

'Yan fari ne. Waɗanda suka fara yarda su kai yara rumfar nan shekara uku da suka wuce, matasan magidanta ne irina, kuma abin da suke da shi na kaiwa a lokacin shi ne ɗan fari. Mace kuwa a cikinmu ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta sa shi a lissafin 'ya'yanta a gaban mutane, balle a gaban babbar mace kamar gwaggo. In ka ce mata yaranki nawa, daga na biyu za ta fara, ba ƙarya take yi ba, kunya ce da aka raine ta a kai. Yawancinsu ma suna ɗakin kakanni, ɗakunan da na hana gwaggo shiga. Na ƙirga zango kaf, na tsallake daidai yaran da nake nema wa aji.

Na miƙe na fara bayani. Turancina da nake taƙama da shi ya watse, don ban taɓa tunanin zan fassara wa wani wannan abu ba. Akawu ya taimaka mini, ya juya wajen sufeto ya ce wai matanmu kunyar 'ya'yansu suke ji. Ƙananan akawuna suka ƙyalƙyale da dariya. Sufeto bai yi dariya ba. Ya ce shi abu biyu yake gani: ko rajista tana ɗauke da sunayen yaran da babu su, ko takardata ba abin dogaro ba ce, kuma ko wanne ne ba zai iya kai shi gaba ba. Hedimasta ya sunkuyar da kai, don maganar farko wuyansa take nema.

Sai sufeto ya jawo rajistar da kansa, ya ɗora yatsa a kan suna ɗaya.

"Wannan da take zuwa ta ɗaya kowane zangon karatu, ita ma babu ta a takardarka. 'Yar wace ce? Akwai wanda ya san ta a nan?"

Hedimasta ya ɗago ya dube ni. Da na zo buga gidanmu, ƙannenta biyu na rubuta a ƙarƙashin sunana, hannuna ya wuce ta ba tare da na ji komai ba, kamar yadda bakina ya saba wuce ta shekara tara. A zuciyata tana lissafin ɗakin tsohuwa, ɗakin tsohuwa kuma ba a shiga ba. Yanzu ga mahaifina zaune a gefena, gwiwarsa tana taɓa tawa. Ban taɓa kiran sunanta a gabansa ba, ban taɓa cewa tawa ce yana ji ba. Kalma biyu ake nema daga gare ni. Na buɗe baki, suka ƙi fita. Shi ma bai ce uffan ba, yana ta jan carbi yana kallon bango. Ban san tsawon shirun ba, amma ya isa kowa ya gani.

"Ta gidanmu ce," na ce daga ƙarshe.

"Ta gidanku," in ji akawu a hankali, "kuma kai da kanka ba ka rubuta sunanta ba. Mu ne za mu rubuta?"

Sufeto ya rufe rajista. Ya ce in sake ƙidaya mai kyau, a duba baɗi. Hedimasta ya sami takardar gargaɗi a kan laifin da bai yi ba.

A hanya mahaifina ya ce Allah bai nufa ba. Na ce masa Allah ya nufa, mu ne muka ƙi, shi da ya zauna kamar gunki jikarsa tana neman mai cewa tasa ce. Ban taɓa yi masa irin wannan magana ba. Dattawan nan biyu suka yi salati, shi kuwa ya ce mini ai ba shi aka tambaya ba, kuma ba shi ya buga takarda ba. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na yi wata guda ba na zama inda yake. Laifi tudu ne, na hau nawa ina hango na akawu, da na mata, da na tsoho.

Na sake ƙidayar, wannan karo ɗaki-ɗaki, har da na kakanni, gwaggo tana gaba ina biye. Kafin in gama an yi wa sufeto canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi ya ce bai san da maganar ba, akawu kuma ya ce an fito da sabon fom, tsohon lissafi ba ya aiki. An buɗe aji huɗu a rumfarmu daga baya, bayan wasu shekaru, ƙannen babbar 'yata sun shiga.

Ita kuwa hedimasta ya ji tausayi ya bar ta ta maimaita aji uku. Ta sake zuwa ta ɗaya. Shekara ta zagayo, ta sake maimaitawa, ta fi kowa tsawo a ajin, in ya tafi ɗaya ajin ita yake bar wa alli. Wata safiya ina shirin fita Adum na same ta a tsakar gida da bokiti, ba ta sa rigar makaranta ba. Na tambayi mahaifiyata, ba ita ba, ko lafiya. Yarinyar ce ta amsa, ta ce ta haddace littafin, ba sauran abin da za ta je yi. Sannan ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"An ce a takardar da ka kai ofis babu ni."

A bakin famfo ta ji, wajen mata. Ina da bayani cike da baki, na kunya da al'ada da akawu da gara. Na ce mata haka ne.

Ta ce to. Ta ɗauki bokitinta ta fita ɗibar ruwa.